Inna Mai Shanya a Saman Bene

Matakala casa'in da huɗu ne daga ɗakin wanki na asibitin zuwa saman bene, kuma Inna mai shanya ta yi shekara ashirin da uku tana hawansu da bahon jiƙaƙƙun zannuwan gado a kanta. Ɗakin wankin can ƙasa yake, bayan ɗakin girki, inda injina uku ke gurnani tun safe, ko'ina tururi da ƙamshin sabulu. Mata biyar ne a wurin. Huɗu suna wanki da guga, ita kuwa shanya ce tata, don tun ranar da aka ɗauke ta aiki aka ga tana da ƙafa, sauran kuma kowace na kukan gwiwa. Da haka sunan ya bi ta. Daga masu gadi har manyan likitoci, Inna mai shanya suke ce mata.

Saman benen fili ne na siminti, da babban tankin ruwa a kusurwa ɗaya, da igiyoyi goma sha biyu ɗaure a jikin ƙarafa. Idan ta gama shanya iska ta shiga tsakanin zannuwan, sai wurin ya koma kamar wata unguwa mai fararen lunguna. Tana tafiya a ciki, zane ya taso ya shafi fuskarta da sanyinsa, ya koma. Daga can ana hango rufin gidaje, da titi mai cike da motoci kamar tururuwa, da layin itatuwa inda gari ya ƙare. Abin da ya rage kuwa duk sama ce, ba abin da ya tare ta.

Inna ta san sama kamar yadda ake sanin maƙwabciya mai wuyar hali. Fararen gizagizai masu kama da tulin auduga, ta san yawo kawai suke yi, ba su ɗauke da komai. Waɗanda suka yi siri-siri can ƙololuwa, gobe za a yi iska. Amma in ta ga girgije mai baƙin ciki ya leƙo ta bayan tankin ruwa, iska kuma ta ɗauke ɗif, to ba ta tsayawa gaisuwa da kowa sai ta kwashe shanyarta. Nas-nas in za su tashi aiki sukan tare ta a matakala.

"Inna, in ɗauki lema ko in bar ta?"

"Bar ta, 'yar nan. Wannan hadarin baki ne da shi kawai."

Da wuya ta faɗa ba daidai ba. Sai dai a duk shekarun nan tambaya ɗaya take yi wa sama: za ki jiƙa mini kaya ko ba za ki jiƙa ba?

'Ya'yanta uku duk sun tashi sun bar gida. Mazan biyu suna nesa, sai Auta, macen, da ke aiki a wani gari. Ita ce ta aiko wa uwar da waya mai hoto, wai don su riƙa ganin juna in suna magana. Inna ta ɗaure wayar a bakin zane kamar yadda take ɗaure makulli, tana tsoron taɓa ta. Wata yamma tana kwasar shanya, Auta ta kira. Hannunta ɗaya riƙe da zannuwa, ta yi ta dangwalar gilashin da babban yatsa har kiran ya katse.

A gida, mijinta ne ya karɓi wayar don ya kira mata Auta. Shi mai gyaran fanka ne da dutsen guga, yana da 'yar rumfa a bakin layinsu, kuma ya ɗauka duk abin da ke aiki da lantarki ɗan gidansu ne. Ya gyara zaman tabarau, ya yi ta shafa gilashin, can ya tsaya.

"Maman Auta, gobara aka yi a asibitinku?"

"Wace irin gobara kuma, Malam? Bakinka ya sari ɗanyen kashi."

"To, mene ne wannan?"

Ta karɓa ta duba. Hoto ne da ta ɗauka ba ta sani ba. Rabin yatsanta ya tare gefe ɗaya, ga bakin wani farin zane ya karkace, a bayansa kuma wani girgije ya kama ja daga ƙasa kamar garwashi, samansa ruwan toka, gefensa an yi masa baki da ruwan zinariya. Ta daɗe tana kallo. Ta tuna sarai ta ɗaga kai ta dubi wannan girgijen ɗazu, kuma abin da ya zo mata a rai shi ne: ba ruwa yau. Ta juya ta ci gaba da ninke kaya.

"Ashe haka yake," in ji ta a hankali.

"Haka wa yake?"

Ta miƙa masa wayar. Ta sa ya nuna mata inda ake dannawa.

Tun daga ranar, kwasar shanyar yamma ta fara ɗaukar lokaci. Takan ninke zannuwan ta jera a baho, sannan ta kwance bakin zane ta ciro wayar. Da farko abin bai yi mata daɗi ba. Idonta ya ga ja, wayar ta ba ta fari fat. Idonta ya ga sama ta buɗe kamar ƙofar wani babban gida, wayar ta ba ta ɗan tabo a kan rufin kwano. Ta yi ta yi wa wayar faɗa ita kaɗai.

"Ke makauniya ce? Ga abu a gabanki!"

Wata yamma tana cikin wannan faɗan sai ta ji dariya ta bayan zannuwa. Matar da ke ɗaukar hoton ƙashi ce a hawa na ɗaya, doguwa mai fararen kayan aiki, ta hawo da kofin shayi a hannu. Ɗakin aikinta ba shi da taga ko ɗaya, bangonsa mai kauri, ƙofarsa mai nauyi, shi ya sa in ta tashi aiki takan hawo nan ta sha iska kafin ta kama hanyar gida.

"Yaya, ba laifinta ba ne," in ji mai hoton ƙashi. "Kawo ki gani. Da farko dai goge mata ido, duk sabulu ne."

Ta goge 'yar ƙwayar gilashin da gefen rigarta. Ta nuna wa Inna yadda za ta taɓa wurin da ya fi haske, sannan ta ja yatsa ƙasa a hankali. Inna ta ja. A kan idonta farin ya janye, jan ya fito, gidajen da ke ƙasa suka koma baƙaƙe kamar an yanka su da almakashi an manna.

"Ikon Allah!" Ta ja sama, ta sake ja ƙasa. "Ashe ita ma sai an lallaɓa ta."

"Kuma ki jingina gwiwar hannu da tanki, kada ki yi rawa. In za ki danna, ki riƙe numfashi. Abin da nake gaya wa majinyata ke nan tun safe, ja numfashi, riƙe, kada ka motsa."

"To ita sama wa zai ce mata kada ta motsa?"

"Nan kuma aikinki ya fi nawa wuya, Yaya."

Suka saba. Kusan kullum mai hoton ƙashi takan hawo da shayinta, ta zauna a kan bulon da ke gindin tanki, Inna na kai da kawo a bakin katanga. Ba su cika magana ba. Inna ta gano abubuwan da ba wanda ya koya mata. Ta gano ranar da sama ta yi wasai ba girgije, faɗuwar rana ba ta da armashi, kamar biki ne ba 'yan rakiya. Ta gano mafi kyan launi ba ya zuwa sai rana ta riga ta nutse, lokacin da mai gaggawa ya juya baya. Ta gano wani lokaci sai ka ba rana baya ka dubi gabas, can za ka tarar gizagizai sun yi wani ja mai kunya wanda ba kowa ke lura da shi ba. Takan bar zane ɗaya a igiya da gangan, don ya shigo hoton ta gefe, haske ya ratsa shi.

Akwai yammacin da takan manta da wayar gaba ɗaya. Ta tsaya, hannu a kan katanga mai ɗumin rana, tana kallon wani girgije yana tafiya a hankali kamar jirgin ruwa cike da kaya. Sai ta ji kamar benen ne ke tafiya, ita da tanki da igiyoyi, sun tsinke daga gari suna bin sa. Ƙarar motoci ta yi nisa. Ta ga tsaunuka a can sama, da kwaruruka, da wani tafki kore-kore tsakanin gizagizai biyu inda take jin da za ta kai, da ta tsoma ƙafafunta da suka gaji. Sai tsuntsaye su gitta, ko a buga ƙofa a ƙasa, ta dawo.

A gida Malam ya samu abin tsokana.

"Mutane na ɗaukar hoton jikoki, ke kina ɗaukar abin da ke kan kowa kyauta. In ina son ganin sama, ba sai in fita ƙofar gida ba?"

"Fita ka gani mana. Wadda na ɗauka jiya tana nan?"

Ya koma kan fankar da yake kwancewa. Auta ma ta yi nata ƙorafin a waya.

"Umma, na aiko miki waya don in riƙa ganin fuskarki, amma kullum na buɗe sai gajimare. Har abokan aikina sun ɗauka a filin jirgin sama kike aiki."

"Fuskata ai kin san ta, ba ta canzawa sai dai ta ƙara lalacewa. Wannan kuwa kullum sabuwa ce."

A damina ta biyu da samun wayar ne abin ya faru. Ranar an yi wanki mai yawa, igiyoyi goma sha biyun duk a cike, zannuwan sun bushe ƙayau, saura kwashewa. Wajen la'asar iska ta ɗauke. Inna ta ɗaga kai, ta ga baƙin nan ya leƙo ta bayan tanki. Ta san shi, ta san abin da ya ɗauko, har hannunta ya kai kan zane na farko. Amma bai zo yadda ya saba ba. Ya taso ne kamar katanga, baƙi ƙirin daga ƙasa, samansa kuma ya yi ta tumbatsa fari tas, hawa kan hawa, har sai da ta ɗaga kai wuyanta ya yi zafi. Rana tana yamma, ta haske shi gaba ɗaya. Ƙarƙashinsa ruwa ya riga ya sauka a bayan gari, ya rataya kamar labule mai launin toka, yana tahowa yana haɗiye itatuwa ɗaya bayan ɗaya.

Hoto ɗaya kawai zan ɗauka, in ji ta a ranta.

Ta jingina da tanki, ta riƙe numfashi. Ta ɗauki ɗaya. Sai walƙiya ta keta cikin baƙin ba ƙara, farin da ke sama ya koma ruwan hoda. Ta ɗauki wani. Iska ta dawo da ƙarfi, zannuwan suka tashi gaba ɗaya suna tafi. Ta ji ƙamshin ƙasa. Ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin wayar, ta goge da yatsa ta sake ɗauka. Kafin ta farga ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Zane saba'in da wani abu suka jiƙe sharkaf. Uku iska ta yi gaba da su, aka tsinto ɗaya a kan motar ɗaukar majinyata. Inna ta sauko matakala tana ɗigar ruwa, ta tsaya gaban shugabar ɗakin wanki, wata gajeruwa mai tsare gida wadda suka fara aiki kusan tare.

"Ke? Ke da ake tambaya ko za a yi ruwa? Barci kika yi?"

"Idona biyu."

"To me ya faru?"

"Na tsaya kallo ne."

Shugabar ta dube ta sama da ƙasa. Ranar sai da aka buɗe kabad ɗin ajiya aka fito da tsofaffin zannuwa masu faci aka shimfiɗa wa majinyata. Abin ya tsaya wa Inna a rai, don ta san akwai wanda ya kwana a kan zane mai kaushi saboda ita. Washegari tun da sassafe ta zo ta sake wanke su da kanta, ba wanda ya sa ta. Kwana huɗu ba ta kwance bakin zanenta a saman bene ba.

A rana ta biyar mai hoton ƙashi ta ce, "Yaya, tunda dai an riga an sha faɗan, ai sai a nuna mana abin da aka sha faɗan dominsa."

Inna ta miƙa mata wayar tana kallon gefe. Yawancin hotunan sun yi dishi-dishi, hannu ya yi rawa. Amma akwai ɗaya. Mai hoton ƙashi ta ajiye kofinta a ƙasa, ta matso da wayar kusa da idonta.

"Turo mini wannan," ta ce.

Bayan kwana biyu ta aiko a kira Inna ɗakinta. Inna ba ta taɓa shiga ba. Ɗaki ne mai sanyi, da gado mai tauri a tsakiya da wani babban inji rataye a kansa. A bango akwai akwatin fitila mai farin gilashi inda ake maƙala hoton ƙashi a duba. Matar ta kashe wutar ɗakin ta kunna akwatin. Ta buga hoton hadarin da Inna ta ɗauka ne a kan irin baƙar ledar nan da ake buga hoton ƙirji, wata da ta rage a ƙarshen kwali. Babu ja, babu ruwan hoda, sai baƙi da fari da toka. Amma hasken yana fitowa ne daga cikin girgijen kansa, kowane hawa nasa ya fito, ga labulen ruwan, ga zane ɗaya a gefe ya tashi sama kamar zai bi shi.

Inna ta sa hannu a baki. Suna tsaye a duhu sai wani matashin likita ya turo ƙofa da takarda a hannu. Ya ga akwatin a kunne, ya matso, ya karkata kai, ya tsuke fuska.

"Subhanallahi. Ƙirjin wa ye wannan? Yana wane ɗaki?"

"An sallame shi, likita," in ji mai hoton ƙashi. "Ya zubar da abin da ke cikinsa ya wuce."

Sai da suka riƙe ciki don dariya, likitan na kallonsu ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ɗaya bayan haka asibitin ya sayo injinan busar da kaya guda biyu, manya, masu ƙofar gilashi. Zane ya shiga a jiƙe, kafin a gama hira ya fito da zafinsa. Matan wanki suka yi murna, suka ce wa Inna ta huta da hawa. Aka kwance igiyoyin, aka sa kwaɗo a ƙofar saman bene, makullin ya koma hannun masu kula da tanki. Inna ta koma ninki a wani dogon tebur, tana fuskantar bango. Ba ta yi ƙorafi ba, gwiwoyinta ma sun gode. Amma wajen la'asar sai hannunta ya yi sanyi a kan zane, ta tsaya tana kallon kayan da ke juyawa a bayan gilashin injin, fari na bin fari. Takan ji a jikinta cewa yau akwai abu a sama, kamar yadda mai jego ke jin jaririnta ya farka a wani ɗaki. In ta fito, an riga an gama, sai ɗan toka-toka a kan rufin gidaje.

Wata takwas ta yi a haka, lokacin ritayarta ya zo. Aka yi mata 'yar walima a ɗakin wanki, shugabar ta rungume ta har da hawaye, mai hoton ƙashi ta ce ba sallama tsakaninsu tunda ta san gidan.

Gidan nasu kuwa a wani matsattsen layi yake, benaye sun sa shi a tsakiya. Daga tsakar gida sama ba ta fi faɗin tabarma ba. Inna takan zauna a kan kujera 'yar tsuguno ta ɗaga kai, girgije ya shigo ta wannan gefe, kafin ta gane ko wane iri ne ya fice ta wancan. Malam yana lura da ita daga rumfarsa. Ya ga ta rage magana, ya ga wayar ta kwana biyu a kan taga ba a taɓa ba. Ya tsokane ta, ba ta rama ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

Wata Asabar da la'asar ya rufe rumfa da wuri, ya shigo yana kakkaɓe riga.

"Tashi ki sa takalmi."

"Ina za mu?"

"Wani mai kawo mini gyara ya ce in aka bi bas ɗin layinmu har ƙarshe, akwai fili. Ɗauko abar taki."

Suka shiga bas, suka yi ta tafiya, mutane na sauka, har ya rage su biyu da kwandasta. A tashar ƙarshe gari ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Sai wani fili mai ciyawa, da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, da wani bencin siminti da ya tsage. Sama ta sauko har ƙasa ta ko'ina. Inna ta tsaya ta ja numfashi mai tsawo.

Sai dai ranar sama ba ta yi musu komai ba. Ta yi fari fat kamar tsohon faranti, rana ta shige wani hazo ta ɓace ba ko sallama. Malam ya jira, ya jira, ya dubi agogo.

"Shi ke nan? An tashi?"

"An tashi."

"Duk wannan tafiyar? Ai wannan cuta ce!"

"Haka take, Malam. Ba kullum take karɓar baƙi ba."

"To sai mun dawo. Ba za a yi mini haka in haƙura ba."

Suka dawo Asabar ta gaba, da ta gaba. Yanzu shekara uku ke nan. Yakan riƙe mata jaka da ayaba biyu a leda, ya zauna a bencin yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba, wai ta matsa hagu, wai wancan girgijen ya fi kama da tunkiya. Wani lokaci kafin launin ya zo ya yi gyangyaɗi, haɓa a ƙirji. Ita kuwa tana can bakin hanyar jirgi, 'yar tsohuwa ita kaɗai a tsakiyar fili, ta ɗaga hannu biyu, iska na kaɗa mayafinta, ja yana sauka a kan ciyawa da kan fuskarta. In abin ya kai inda take so, sai ta kira shi ba tare da ta waiwayo ba.

"Malam, tashi. An fara."

Kwandastan bas ɗin ya riga ya san su. In za a koma, yakan ce wa direba ya ɗan dakata, tsofaffinsa ba su gama ba, ya kuma ajiye musu kujerar baya ta gefen taga, don Inna ta ga ragowar hasken har su shiga gari.